Fuskar da Mai Hoto Ya Shafe

Mijin yayata mai hoto ne. Duk unguwa Kar-a-motsa ake ce masa, don ba ya danna kyamara sai ya faɗi kalmar nan har ta ishe ka, ko da kuwa kujera ce a gabansa. Ni dai ban taɓa kiransa haka ba. Ango nake ce masa tun ranar da ya ɗauke mana Yaya, har ya yi furfura, har haƙoransa suka fara zubewa. Shi kuma Auta mai bakin reza yake ce mini, kuma ban ce ya yi ƙarya ba.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran agogo da kantin takalma. In ka shiga, benci na dama, allon gilashi na hagu cike da fuskokin mutane, baƙin labule mai kauri ya rufe bangon ƙurya. Bayan labulen akwai ɗakin duhu inda yake wanke hotuna. Warin maganin wanke hoton nan ya kama shi har a fata, ko wanka ya yi da sabulu mai ƙamshi kana zama kusa da shi ka san sana'arsa.

Mutum ne mai ƙa'ida a aiki har ya ba ka haushi. Ya gyara maka wuyan riga, ya ɗaga maka haɓa da ɗan yatsa, ya koma ya leƙa, ya dawo ya sake ɗaga haɓar, kai kuwa murmushi ya bushe maka a baki. In ya wanke hoton ma bai gama ba. Yana da wani siririn burushi da 'yan kwalaben tawada, ya duƙufa a kan katin hoton yana shafe ƙuraje da tabo da duk abin da idonsa bai so ba. Mummuna ya shiga shagon nan ya fito da hoton da uwarsa ma sai ta tambaya wane ne. Abin alfaharinsa ke nan, cewa hoto mai aibi bai taɓa fita ta ƙofarsa ba.

Jarirai ne kawai suka gagare shi, don jariri bai san wani kar a motsa ba. Ka ɗora shi a kujera ya kife, uwarsa ta riƙe shi ta cika hoton, mutane kuwa ɗansu suke so shi kaɗai, ya zauna daram kamar wani babba. A nan Yaya ta shigo sana'ar. Sai ta zauna a 'yar kujera gaban labulen, ta lulluɓa da baƙin ƙyalle irin na labulen tun daga kai har ƙafa, a ɗora mata yaron a cinya, ta tallafe shi ta ƙarƙashin ƙyallen. A hoto ba ka ganin kowa sai yaro da duhu a bayansa. Iyayen sun sha cewa za su gwada da kansu, ba sa iyawa, sai sun leƙo. Yaya kuwa ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi. Tana can ciki tana yi wa yaro 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, tana sosa masa tafin ƙafa, sai ka ga mai tsala ihu ya yi tsit ya washe dasashi. Ta fito sharkaf da gumi tana dariya.

Allah bai ba su haihuwa ba. Wannan zan faɗa sau ɗaya in wuce, don har yanzu in na tuna yadda take miƙa wa uwa ɗanta bayan an gama, tana ɗan jinkirta sakin hannu, ba na iya ci gaba da zancen. Rabin mutanen unguwar nan a cinyarta suka yi hotonsu na farko, da yawa ba su ma sani ba.

To, ita fa? Ta roƙa, a gabana ma ta roƙa.

"Maigida, ni yaushe za a yi mini nawa hoton?"

"Ke naki ba na gaggawa ba ne," in ji shi. "Bari in samu fitila mai kyau."

Ya samu fitila, sai ya ce labulen ya koɗe, a bari ya sake wani. Ya sake labule, sai ya ce ta rame, ta ɗan murmure tukuna. Wata rana har ta ci ado ta zauna, ya leƙa, ya ce hasken yau bai yi masa ba. Na ce, "Ango, wai sarauniyar wace ƙasa za ka ɗauka ne? Danna abin nan mu huta!" Ya ce, "Auta, ke ɗinki kika sani. Hoton matata shi ne zai fi duk wanda na taɓa yi, ba zan yi shi a tsaitsaye ba." Wallahi da gaske yake, ba rowa ba ce, ba raini ba ne. So ne ya yi masa yawa har ya zama wauta. Yaya ta cire ɗankunnenta ta ce ba komai, ai tana nan.

Ba ta taɓa aikin ofis ba, ba ta taɓa tafiyar da ake neman fasfo ba, wayoyin nan masu ɗaukar hoto kuma lokacin ba su zo ba, don haka ba ta da hoto ko ɗaya. Zazzaɓi na 'yan kwanaki ya kwantar da ita, muna cewa gobe za ta tashi, sai ga shi muna karɓar gaisuwa.

Shekarun farko bai taɓa tayar da zancen hoton ba. Ya ci gaba da buɗe shago, ya daina ɗaukar jarirai, in an kawo ya ce a gwada gaba. Sannu a hankali sana'ar ma ta mutu a hannunsa, kowa ya zama mai hoton kansa. Ya rufe shagon ya koma gida, hannunsa ya soma rawa.

Wata safiya ina kan keken ɗinki sai ga shi ya yi sallama. Ya zauna a bakin ƙofa, ya ƙura mini ido har na tsargu.

Na ce, "Lafiya, Ango? Aurena za ka nema da tsufanka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba ku yi kama ba ko kaɗan."

"Yau ka sani? Ni babanmu na ɗebo, ita innarmu."

Ya sunkuyar da kai. "Auta, ta fara ɓace mini. In na rufe ido ina ganin tafiyarta, ina jin muryarta. Fuskar ce ba ta tsayawa. Da na ce zan kama ta sai ta watse." Sai ga tsoho yana hawaye, yana sharewa da hularsa.

Raina ya ɓaci, tausayi da haushi suka haɗu mini. Na so in ce ina fitilar, ina sabon labulen? Maganar ta zo har bakina na haɗiye ta, don da-na-sani ƙeya ce, kuma wanda ke gabana ya riga ya daki kansa fiye da yadda zan iya.

Ya ce yana da dabara. Cikin yaran nan da ta riƙe ba zai yiwu a ce ƙyallen bai taɓa zamewa ba. Muka buɗe akwatunan tsofaffin fim ɗinsa, ashe rufin ɗakin da ya ajiye su ya daɗe yana yoyo, duk sun manne sun ruɓe. Sai ya ce to zai bi gidaje.

Haka ya yi ta yi, ni ina binsa in ƙafata ta yarda. Ya yi sallama, ya ce shi ne Kar-a-motsa, a taimaka a nuna masa hoton wane yana jariri. Wasu su yi murna su zazzage akwati, wasu su ce ɓera ya ci, wasu yara su leƙo su ce wani tsoho ne ke bara. Ya karɓi kati ya kai shi dab da ido. Nan ya ga kan ɗan yatsanta a hammatar yaro. Can ya ga gefen zobenta. A wani gida ya ga tudun gwiwarta a ƙarƙashin ƙyalle, ya yi ta shafawa har matar gidan ta kau da kai. Amma fuska babu. Yadda za a yi ta kasance ma babu, don duk hoton da ƙyalle ya zame yaga shi yake yi a take ya ce a dawo a sake. Da bakinsa ya tuna mini, yana faɗa yana girgiza kai.

Labari ya bazu a unguwa. Ana nan sai ga wata dattijuwa ta zo gidansa da jaka a hammata, aka aiko a kira ni. Ta ce ta ji abin da yake nema. Ta ce shekaru masu yawa da suka wuce ta kawo ɗanta na fari shagonsa, kafin ranar karɓar hoto yaron ya koma ga Mai shi.

"Da na zo ka ce mini hoton ya ɓaci, sai an sake," in ji ta. "Na ce maka babu wanda za a sake da shi. Sai ka ce in dawo da yamma."

Ango ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna. Ya ce, "Na tuna. Yaron ya zabura ya fizgo ƙyallen daidai ina dannawa. Ban yaga ba. Shafewa na yi."

Ta ciro katin daga cikin wani tsumma mai tsabta. Ga yaro ɓul-ɓul, hannunsa a sama ya damƙi ƙyalle, kansa ya karkata baya. Dab da kumatunsa, in ka karkata katin ga haske, akwai wani wuri da baƙinsa ba ya sheƙi kamar sauran. Girmansa bai wuce kan babban yatsa ba. Yaya na ƙarƙashin wurin nan, kuncinta manne da na yaron.

Na dafa bango.

Ya ce tawadar a saman katin take, ruwa na iya ɗaga ta. Dattijuwar ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce, "Malam, ka gwada. Matarka ta riƙe mini shi ya yi dariya, ban manta ba. Amma don girman Allah kada ka taɓa mini yaro. Shi ke nan abin da nake da shi."

Na ce a kai wa yaran zamani masu na'ura. Ya ce na'ura abin da ke sama take gani. Na ce to ya ba ni in yi, hannuna ba ya rawa. Ya ce ban san nauyin tawadar ba, shi ne ya shafa ta. A kan wannan ban yi gardama ba.

Ya jawo tebur bakin taga, ya sa ruwa a murfin kwalba, ya naɗa auduga a tsinke. Ya riƙe hannun damansa da na hagu don ya rage rawa. Ya ɗiga daga can sama, nesa da yaron, ya shafa a hankali. Audugar ta yi baƙi. Ya sake wata.

Sai ga bakin ɗankwali. Mai ɗigo-ɗigo ne, ni na ɗinka mata gefensa, na gane shi tun kafin ya gama fitowa. Na toshe bakina da mayafi. Ya sake shafawa, sai ga goshi, ga farkon gira.

"Ita ce," ya ce. "Auta, kin gani? Ita ce."

Ya kai audugar ƙasa kaɗan, inda ido zai kasance. A nan katin ya kumbura. Tsohon kati ne, ya sha ruwan, fatar hoton ta taso ta tattare, wani siririn tsagi ya buɗe ya nufi ƙasa, ya tsaya saura ƙiris ya taɓa kumatun yaron. Duk mun gani. Dattijuwar ta ja numfashi, ta damƙe jakarta.

Shafa ɗaya ta rage masa ya ga idon. Shi ya sani, ni ma na sani. Ya kuma san in ya yi, fatar nan za ta saluɓe ta tafi da rabin fuskar yaron. Tsinken na hannunsa a sama da katin, ruwa ya taru a bakin audugar zai ɗiga. Allah Ya yafe mini, a zuciyata cewa nake yi shafa, Ango, shafa.

Ya janye hannunsa. Ya ajiye tsinken a kan tebur. Ya ɗauki busasshiyar auduga ya danne wurin a hankali har tsagin ya kwanta, ya yi ta hura masa iska da baki har ya bushe. Sannan ya naɗe katin cikin tsummansa yadda ya zo, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ki yafe mini, na ɗan ɓata miki gefe. Yaronki lafiya lau."

Ta karɓa tana kuka, ta ce ya riƙe na kwana biyu in yana so. Ya ce a'a, in ya kwana a gidansa ba zai iya haƙura ba.

Ya raka ta har ƙofar gida, ni ina biye ina share fuska. Ta yi 'yan taku sai ya kira ta.

"Baiwar Allah."

Ta waiwayo.

"Kada ki ajiye shi inda damshi yake, kada kuma rana ta riƙa dukansa. Matata na ciki."