Ranar Da Na Ce Wa Ɗana Kakarsa Ta Rasu

Sallama ga masu wannan mujalla da duk wanda idonsa zai kai kan takardar nan. A yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai ƴaƴa uku a wani gari kusa da Bande, ban cika shekara talatin ba. An san ni da haƙuri da rashin ɗaga murya, har surukata takan ce sai ta leƙa ɗaki take tabbatarwa ina gidan. Na ɗauki wannan yabo ne, shi ya sa duk abin da babba ya ce in yi sai in yi, ban iya cewa a'a ba. Ɗana na fari kuwa, kamar yadda muka tashi muka tarar, kunyarsa nake ji. Ba na faɗin sunansa, ba na wasa da shi, ba na zama tabarma ɗaya da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin kakarsa, uwar maigidana, da yake gida ɗaya muke. Ita yake ce wa Inna, ni kuma ya bi bakin ƙannen ubansa yana ce mini Yaya. Ita ce abokiyar wasansa. Ta ce masa maigidan da ba ya cefane, shi kuma ya ce ya sake ta tunda ba ta da haƙoran cin nama. Ni idan na yi masa magana, to aike ne ko wani abu mai muhimmanci, kuma ban taɓa gaya masa abin da ba haka yake ba. Ku riƙe wannan, don a nan laifina yake.

Yaron ya tashi da iya kwaikwayo. Tafiyar limamin garinmu, tarin mai shagon bakin kasuwa, duk yana yi, matan gida suna riƙe ciki. Malaminsu na lakwal, wato makarantar boko, ya riƙa sa shi cikin wasan ƙarshen shekara. Yana da shekara tara wasu mutane suka zo daga Damagaram da mota da kamara, za su shirya ɗan wasan kwaikwayo kan zazzaɓin cizon sauro don a nuna a tele, wato talabijin. Malamin ya nuna musu shi, ubansa ya yarda. Zai fito a matsayin yaron da ƙanwarsa ta rasu don ba a kai ta likita da wuri ba. Kwana biyu komai yana tafiya daidai, sai a rana ta uku aka zo inda zai tsaya ƙofar ɗaki ya yi kuka. Yaron nan ya ƙi kuka. Aka yanka albasa, ya yi atishawa ya fashe da dariya. Aka shafa masa man zafi a ƙasan ido, hawaye ya zo amma bakinsa yana murmushi. Rana tana ta yin gaba, mutane sun cika gidan da aka ara, babbansu mai ba da umarni sai share gumi yake.

A ranar Inna ba ta nan, da safe aka ɗauke ta zuwa Magarya a duba mata ido. Babban nasu ya tambayi matan da ke tsaye wane ne yaron ba ya yi wa musu, suka yi dariya suka nuna ni. Ya jawo ni gefe cikin ladabi, ya ce minti biyu ne kawai, yara suna mantawa, kuma wasan zai ceci ƴaƴan mutane. Ya gaya mini abin da zan faɗa. Zuciyata ta ƙi, amma baƙo ne babba, ga jama'a suna kallona. Kuma don in faɗi gaskiya, har da ɗan jin daɗi a raina, cewa yau ni ce ake bukata. Na je na dafa kafaɗarsa, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba, na ce:

"An aiko daga Magarya. Inna ta rasu."

Bai tambaye ni komai ba. Ya dube ni, ya dubi ƙofar gida, sai ya kama bakin ƙofar ɗakin nan ya durƙushe. Kukan da ya yi ba irin na yara ba ne, daga ciki yake fitowa kamar za a zare masa rai. Kamara tana ta ɗauka. Da suka samu abin da suke so aka tafa, aka ɗaga shi sama ana ce masa wasa ne, Inna tana nan lafiya lau, aka cika masa aljihu da biskit. Bai dubi kowa ba sai ni. Na sunkuyar da kai na koma cikin mata. Da la'asar Inna ta dawo da auduga a ido ɗaya, labari ya riga ta shiga gida. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ita ba ta damu da an kashe ta da wuri ba, tunda ranar tana tafe ko an so ko an ƙi, amma in gaya mata wa zai kai wa yaron nan labari idan ranar ta zo. Na ɗauka maganar tsofaffi ce.

Wasan ya daɗe ana nuna shi. A kasuwar Dungas har nuna yaron ake yi ana cewa ga mai kukan nan na tele, mata suna ce mini Allah ya ba ni ɗa mai baiwa, ni kuma ina amsawa da amin. Duk hutu sai a zo a ɗauke shi zuwa Damagaram ya yi wani wasan. Bai taɓa ta da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Na gaya wa kaina ya manta, kamar yadda mutumin ya ce.

Yana da shekara goma sha huɗu yana kwaleji a Magarya, yana zaune gidan wani abokin ubansa, ciwo ya kwantar da Inna. Rani ne, maigidana yana Kano wajen ci-rani, kuma lokacin waya ba ta yawaita a ƙauye ba. Ranar wata Alhamis da hantsi ta daina karɓar kunu, ba abin da take faɗi sai a kira mata maigidanta, wato jikan nata. Na yafa mayafi na hau kabu-kabu zuwa Magarya, sai a hanya na lura takalman ƙafata ba iri ɗaya ba ne, ɗaya nawa ɗaya na ƙanwar mijina. Na tsaya ƙofar lakwal har aka fito da shi. Na ce masa Inna ba ta da lafiya sosai, tana kiransa, ya zo mu tafi. A makon nan kuwa an aiko masa cewa mutanen tele za su zo garinmu ɗaukar wani wasa. Sai na ga ya leƙa bayana, ya dubi hagu ya dubi dama, kamara yake nema. Ya ɗan yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya ce suna jarrabawa, zai zo ranar Asabar. Da wata uwar ce da ta rantse masa, ko ta kama hannunsa ta ja, ko ta yi kuka a gabansa. Ni kunya ta riƙe ni. Na ce to, na juya. Inna ta rasu ranar Juma'a da safe tana tambaya ko ya iso. Ƙanin ubansa ne ya je ya ɗauko shi, suka tarar an dawo daga maƙabarta. Wannan karon bai yi kuka ba, ya shiga ɗakinta ya zauna kan gadonta har yamma.

Daga shekarar nan bai ƙara tsayawa gaban kamara ba. Ya koma bayanta. Ya fara da ɗaukar wayoyin wuta da riƙe sandar ɗaukar magana, ya koyi ɗaukar hoto, ya tafi Yamai ya yi karatun aikin, har ya zama shi ne mai ba da umarni a wani gidan tele. Lokacin da na shiga yaƙi da jahilci, abin da na fara karantawa da kaina ba a allo ba shi ne sunansa yana wucewa a ƙarshen shiri, sunan da bakina bai taɓa faɗa ba. Bai rage ni da komai ba. Ya gyara mana ɗaki, ya saya mini waya, sallah ba ta wucewa bai zo ba. Amma wata rana ƙanwarsa da ke aure a Dungas ta ce mini cikin raha, wai duk labarin da na kira shi na gaya masa, ko haihuwa ko rasuwa ko an yi ruwa, yana ajiye waya sai ya kira ta ya tambaya ko haka ne. Ita dariya take, ba ta san mafarin abin ba. Ni kuwa ranar tuwo bai shiga cikina ba.

Shekara biyu da suka wuce na je Dungas zaman jegon wannan ƙanwar tasa, sai aka ce ɗana ya zo garin da mutanensa ɗaukar wani shiri. Na bi maƙwabta muka je kallo, na tsaya can baya jikin katanga. Wata yarinya ce ƴar shekara bakwai ake so ta yi kuka, ta ƙi, sai wasa take da bakin zanenta. Na ji uwarta tana ce wa wani cikin ma'aikatan a bar ta da ita, za ta ce mata ubanta ya yi hatsari da babur, yanzu za a ga hawaye. Ɗana kuwa ya cire abin da ke kunnensa, ya zo ya zauna ƙasa kusa da yarinyar, ya ba ta labarin wasan daga farko, ya gaya mata duk ƙarya ce ta wasa, ba wanda ya mutu. Ya ce idan hawaye bai zo ba ba komai, ta juya wa kamara baya ta kama bakin ƙofa, mutane za su gane. Haka aka ɗauka, daga baya. Uwar ta ce ai da an bar ta da an fi samun abin kirki. Ya amsa mata a hankali:

"Baiwar Allah, mu gobe za mu tafi. Ke ce za ki zauna da ita."

Da la'asar ya zo gidan ƙanwarsa ganin jariri. Na jira har zaure ya rage daga ni sai shi. Na zauna na ɗan ba shi gefe, na kira shi da sunansa, karo na farko tun ranar da aka raɗa masa shi. Na ce na yi masa ƙarya yana yaro, ƙaryar nan ce ta hana shi ganin Inna da rai, ya yafe mini. Ya dubi ƙasa ya ce:

"Yaya, ran nan a ƙofar lakwal na ga takalmanki. Na san gaskiya ne. Na ƙi zuwa ne don ki ji abin da na ji."

Ya ce shekara da shekaru abin nan yana cinsa, bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa. Ya ce yana ɗauka Inna za ta jira Asabar, tunda ba ta taɓa ƙin jiransa ba. Kiran ƙanwarsa da yake yi kuwa, ya ce ba don yana zargina ba ne, duk lokacin da ya ji muryata da labari sai ya ga kansa a bakin ƙofar ɗakin nan, sai ya ji daga wani bakin hankalinsa yake kwanciya. A nan na gane abin da na yi ya wuce inda nake zato. Na koya wa yaro ɗan shekara tara cewa ana iya wasa da mutuwa, shi kuma ya rama da abin da na koya masa, ya ɗauki nauyin ramuwar shi kaɗai har ya yi furfura a gemu. Muka yafi juna, muka yi wa Inna addu'a. Ita ce ba ta samu abin da ta roƙa ba, wannan kuwa ba mai gyara shi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, yanzu kamara ta shiga hannun kowa. Ina ganin iyaye suna tsorata ƴaƴansu ko su yi musu ƙaryar mugun labari, su ɗauka a waya don mutane su yi dariya. Ƴan'uwana mata, yaro ba ya mantawa, shiru kawai yake yi. Idan baƙo ya nemi ki taɓa ɗanki a inda ya fi yarda da ke, ki ce a'a, ko wane ne shi, ko don wane alheri ne. Ni abin da nake kira haƙuri a lokacin, rabinsa tsoron idon mutane ne. Kunyar ɗan fari kuma al'adarmu ce, ban ce a yar da ita ba, amma kada ta hana ki kama hannun ɗanki ranar da ya kamata, kada ta hana ki neman gafararsa fiye da shekara ashirin.

Daminar bara maigidana ya faɗi a gona. Na kira ɗana na gaya masa, ya ce to, ga shi nan. Washegari da azahar motarsa ta tsaya ƙofar gida, ya kai ubansa likita, Allah ya ba shi sauƙi. Da ƙanwarsa ta iso daga Dungas ta gan shi, sai ta tsaya tana mamaki, ta tambaya wa ya gaya masa, tunda ita bai kira ta ba. Na ce ni ce. Na shiga madafa na rufe ƙofa, na yi kukan da na riƙe tun ranar da na juya daga ƙofar lakwal.