Yadda Shatu Ta Koya wa Ajuji Kuka

Kakata Shatu ba ta taɓa wuce Dogon Dutsi ba. A wani ƙauye kusa da Lugu aka haife ta, can ta yi aure, can aka binne ta. Gajera ce mai kaurin hannu, ga saurin fushi, wanda ni ma na sami rabona a ciki. Tabarmar kaba take saƙawa, da damina kuma ta shuka gujiya a 'yar gonarta. Amma in ka tambayi tsofaffin garin, ba da tabarma suke tuna ta ba. Cewa za su yi ita ce matar da ta ƙi jin magana a kan Ajuji, wato mahaifina.

Kafin shi ta haifi uku, babu wanda ya kai yaye. Ƙyanda ta ɗauke biyu, zazzaɓi ya ɗauke ɗaya. A wurinmu irin wannan mace mai wabi ce. Wasu su ce ɗa guda ne yake zuwa yana komawa, wasu su ce wata aljana ce, doguwa, take bin gidan, duk abin da ta ga ana so sai ta ɗauke. Maganin kuwa kowa ya san shi: a nuna ba a son jaririn.

An haifi na huɗun a shekarar da gardi, wato dogaran Turawan mulki, suka zo suka kwashi maza zuwa aikin hanyar anasara. Da mijinta Sallau aka tafi, gidan ya koma hannun uwarsa, Inna Fati. Kada a ɗauka muguwa ce. Ita ta wanke jikokin nan uku aka kai su, kuma ba ta son ta wanke na huɗu. Da hannunta ta sa jaririn a tsohuwar ƙwarya ta ajiye shi a kan juji, wata maƙwabciya ta tsinto shi kamar abin da aka yar, aka sa masa Ajuji. Sannan ta zaunar da Shatu.

"Ki ba shi nono, amma kak ki dube shi," in ji ta. "In shina kuka, bar shi. Ba wasa, ba waƙa. In doguwa ta ga ba mu kula da shi, sai ta wuce."

Shatu ta ce, "To, Inna."

Kuma ta bi. Tana shayar da shi fuskarta na kallon danga. In ya yi kuka sai ta ƙara wa taɓarya ƙarfi don kada ta ji. Ta taɓa gaya mini cewa a watannin nan geronta ya fi na kowa laushi a unguwar. Da farko yaron yakan yi kuka har muryarsa ta dushe, daga baya ya rage, kafin damina ta tsaya ya daina gaba ɗaya. Mata suka shiga yabo, wai ba su taɓa ganin ɗa mai haƙuri irinsa ba. Kowa ya ɗauke shi sai ya tafi, a mayar da shi wurin uwarsa, duk ɗaya ne a wurinsa. Inna Fati ta ce magani ya ci.

Ranar da abin ya juya, Shatu tana noman gujiyarta, ta kwantar da shi a inuwar gawo. Da ta dawo shan ruwa sai ta tarar cinnaku sun hau masa ƙafa, cinyarsa duk ta yi rudu-rudu. Idonsa biyu, hawaye na gangarowa cikin kunnensa, amma bakinsa a rufe. Ta tsaya a kansa, bai ko juyo ba. Ta ce a ranar ta ji tsoron da bai kama ta ba ko a lokacin mutuwar ukun nan, domin su har suka cika ita suke nema. Wannan kuwa da ransa, amma ya riga ya fid da rai da ita.

Ta kakkaɓe cinnakun, ta ɗora shi a cinya, ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunansa. Da yamma ta shigo gida tana yi masa magana a bayanta, a gaban kowa.

Inna Fati ta ajiye maburgi. "Ke Shatu, mi kike yi haka? So kike ki kashe muna shi?"

"Inna, ki gahwarce ni," in ji Shatu. "Waɗancan na so su, sun tahi. Wanga na ƙi shi, ga shi yana tahiya ina kallo. In doguwa za ta ɗauka, ta zo ta amsa daga hannuna."

Ba a yi wa surukuwa irin wannan magana, kuma Shatu ta sha zunɗe a bakin rijiya. Ita ma ba wai ta daina jin tsoro ba ne. Duk safiya sai ta taɓa goshinsa kafin ta taɓa nata. Amma ta ci gaba. In ya motsa baki ta ba shi nono, in ya kau da kai ta ƙyale shi ya huta, in ya yi ɗan gurnani ta mayar masa da irinsa. Aikin bai yi sauri ba. An cire gujiya, an yanke gero, yaron yana kallonta kamar baƙuwa. Sai wata rana ta ajiye shi a tabarma ta nufi madafa, ya ɓare baki ya tsala ihu. Ta dawo da gudu ta ɗauke shi, ya yi shiru. Ta ce ita ce ta ci gaba da kukan.

Daga nan unguwa ta rasa ɗanta mai haƙuri. Ajuji ya zama mai ƙiwa, ba ya yarda da hannun kowa. Da ya fara rarrafe, yakan tafi har bakin turken awaki, ya waiwayo ya ga tana nan tana saƙa, ya ci gaba da ɓarnarsa. In bunsuru ya firgita shi ya dawo ya cusa kai a cinyarta, jim kaɗan ya sake fita. Da Sallau ya dawo daga aikin hanya ya miƙa hannu, yaron ya ƙi shi ƙememe, sai da uwar ta zauna kusa tukuna.

Da bazara ƙyanda ta sake shigowa garin, ta kama shi. Aka ga Inna Fati ta fito da ƙwaryar da ta yi wankan gawar waɗancan ukun da ita. Idanunsa suka rufe, bakinsa ya yi miki, ya ƙi ruwa daga hannun kowa. Sai Shatu ta kira sunansa yake buɗe baki ta ɗiga masa. Ban ce wannan ne ya tashe shi ba, yara da yawa da ake so sun tafi a bazarar nan. Na dai san ya tashi, kuma Inna Fati ta mayar da ƙwaryarta bayan rumbu.

Shatu ta haifi wasu biyu bayansa, ba wanda aka kai juji. Ta tsufa tana saƙa da faɗa, har idonta ya mutu, ta koma gane mu da murya. Ranar da ta rasu mahaifina yana da furfura da jikoki. Da aka fito da ita, ya durƙusa a ƙofar gida ya fashe da kuka mai ƙarfi, har ana ji a gidajen maƙwabta. Wani baƙo da ya zo gaisuwa daga Dogon Kiriya ya ce a rarrashe shi, wannan ba girman dattijo ba ne.

Ƙanwar Sallau, wadda ta ga komai tun ranar juji, ta ɗago kai daga cikin mata. Ta ce, "Ku bar shi. Kun san wahalar da ta sha kahin ta koya mai shi?"