Yadda Burgu Ya Fito Daga Rijiya

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji uku na firamare a Getso. Da aka tashe mu daga makaranta na dawo gida, sai na tarar yara sun cika zaurenmu maƙil, wasu har sun hau dakali suna leƙe ta kan 'yan'uwansu. Baffa Sale, ƙanen mahaifinmu, yana tsaye bisa turmin da aka kifa, yana manna wata faffaɗar takardar buhun siminti a bango da ƙullun sitaci. An raba takardar gida-gida, a kowane gida akwai zane, da 'yan kalmomi suna fitowa daga bakin mutanen ciki. A gidan farko wani mutum ne mai zaƙo-zaƙon haƙora, ya rufe rabin fuskarsa da tsumman buhu, yana zura ƙafa cikin rumbun wani. Na ja rigar yayana Habu na tambaye shi ko wane ne wannan. Ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Burgu ke nan, ɓarawon hatsi."

Baffa Sale a Gwarzo yake sana'a. Shi ke zana zaki da ɗawisu a jikin manyan motoci, ya kuma rubuta allunan shaguna. Wani direba ne ya taɓa kawo masa tsofaffin littattafan labarin zane daga Kano, da Turanci, ya jujjuya su ya ce mu ma ai muna da mutanen da za a zana. Daga nan duk ranar Alhamis sai ya taho gida a kan kekensa, da takarda a nannaɗe a bayan sirdi, wadda ya zana da ragowar fenti. Jarumin labarin sunansa Barde, dogo ne mai farar riga da gora a hannu, rigar nan kuwa ko a taɓo ya yi faɗa ba ta datti. Kowane mako Burgu zai shiga rumbu, Barde ya kama shi ya lakaɗa masa duka, a gidan ƙarshe kuma a ga Burgu yana gudu da ƙulu a goshi yana cewa, "Zan dawo, ai gero bai ƙare ba!"

Nufin Baffa shi ne mu so Barde, amma mu Burgu ya shiga ranmu. Barde ba ya dariya, ba ya kuskure, kullum sai nasiha. Burgu kuwa yau ya ɗaura zane ya yi tallar fura don ya shiga gida, gobe ya ɓuya cikin ƙatuwar kabewa, jibi ya tafi satar dawa ya ɓuge da gudu saboda zakara ya biyo shi. A hanyar rijiya mu 'yan mata labarinsa muke yi, tulu a ka muna dariya har ruwa ya zubo mana a wuya. A wurin roron gyaɗa maza sukan yi wasan Burgu da Barde, sai an yi rigima kafin a sami wanda zai yarda ya zama Barde. Har 'ya'yan gwaggonmu na Durun, idan sun zo, kafin su gaida kowa sai sun tsaya sun duba bango. Baffa ya lura da haka, domin a hankali haƙoran Burgu suka riƙa gajarta, idanunsa suka koma na mai tsokana.

Kakarmu Iya, wadda aka sa mini sunanta, ba ta taɓa zuwa zaure ta kalli zanen ba. Amma duk yammacin Alhamis, idan muna ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta, nakan kwashe labarin makon in faɗa mata. Takan yi kamar ba ta ji, sai dai in ga kafaɗarta tana rawa, ta kau da kai ta ce, "Takwara, ki mai da hankali kan gyaɗar nan."

Bayan an gama girbi sai Habu ya ja mana. Ya ɗaura tsumma a fuska, ya hau rumbun Iya ta sama ya dira ciki don ya nuna wa abokansa yadda Burgu yake yi. Rumbun kuwa ko rabi bai cika ba, ga zurfi, fita ta gagara. Ƙaiƙayin gero ya shiga masa jiki, ya dinga ihu yana kiran Baba, sai da aka kawo igiya aka jawo shi, fari fat kamar an tsoma shi a gari. Mu yara muka yi ta birgima don dariya, amma Iya ranta ya ɓaci ƙwarai. Da Baffa ya zo ta tare shi a tsakar gida ta ce, "Sale, ɓarawo ka kawo mini zaure yana koya wa jikokina hawan rumbu. Ka kashe shi." Baba ma ya ce ko dai a yi yadda Iya ta ce, ko kuma kada a ƙara manna komai a bangonsa.

Alhamis ɗin da ta biyo, Burgu yana gudu Barde na bin sa, ya faɗa wata tsohuwar rijiya. Gidan ƙarshe baƙin fenti ne kawai, babu ko kalma ɗaya. Wata ƙawata ta fashe da kuka, Habu kuwa ya ƙi cin tuwo. Makonnin da suka biyo baya Barde ne shi kaɗai yake yawo cikin farar rigarsa yana gaida mutane, yara suka daina zuwa, Baffa ma ya riƙa manna takardar kamar wanda aka yi wa dole. Ni ma na daina ba da labari a wurin ɓarar gyaɗa. Wata rana Iya ta kasa haƙuri ta ce, "Takwara, yau babu labari ne?" Na ce mata Barde ya je kasuwa ya dawo. Ta jira, ta ga ban ƙara komai ba, ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa a hannunta, sannan ta tambaye ni ko shi wannan Burgun ba shi da uwa.

Da Baffa ya shigo gaishe ta, ya durƙusa, ta ce, "Na ce ka kashe shi, ban ce ka jefa ɗan mutane rijiya ka yi tafiyarka ba. Wa ya haife shi? Me ya fara kai shi rumbun wani?" Baffa ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Iya ban taɓa tunanin wannan ba." Ta ce, "To, je ka yi."

Ba zan manta da takardar da ya kawo bayan haka ba. Wata tsohuwa ce ta zura guga a rijiyar nan tana ja da ƙyar, sai ga Burgu ya maƙale a igiya, jiƙe sharkaf, tsumman fuskarsa ya faɗi. Ashe tsohuwar nan uwarsa ce, kuma duk wanda ya kalle ta ya san wushiryar Iya ce da ɗaurin ɗankwalinta. Ihun da muka yi sai da ya fito da matan gida. A ranar ne Iya ta fara taka zaure don kallon zane, ta dube shi da kyau ta ce, "Hancina bai kai wannan girma ba."

Daga nan Burgu ya zama wani mutum daban. Muka ji cewa tun yana yaro aka yi shekarar yunwa, wani mai ɓoye hatsi da Baffa ya sa wa suna Alhaji Ɓoyau ya kwashe ɗan abin da mahaifinsa ya noma, ya kulle a sito. Yanzu sito-siton Ɓoyau kaɗai Burgu yake fasawa, ya ajiye damin gero a ƙofar tsofaffi da marasa ƙarfi. Amma bai zama mutumin kirki ba. A hanyar dawowa sai ya saci kazar wani, uwarsa ta kama kunnensa ta sa ya mayar. Akwai makon da gobara ta tashi, shi da Barde suka haɗu suka fitar da mutane, aka gama Barde ya nemi takalmansa ya rasa. Manya ma suka shiga gardama. Malamin makarantar allonmu ya ce sata sata ce ko wa aka yi wa, Baba ya ce gaskiya ne, amma Alhamis ba ta wuce shi. Iya kuwa cewa take, "Ni ban ce na gari ba ne. Na ce dai yana da uwa."

Labarin bai taɓa ƙarewa ba, tsayawa kawai ya yi. Baffa ya yi aure, aiki ya yi masa yawa, ni kuma na tafi makarantar kwana, takardun da Habu ya adana gara ta cinye su. Yau inji ke buga allunan shaguna a Gwarzo, Baffa ya tsufa, idonsa ya yi rauni, Iya ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yana suna da nasu jaruman a cikin waya, masu launi da motsi, kowa yana kallon nasa shi kaɗai a kusurwar ɗaki, ba mai ture wani don ya gani. Da muka je gida da ƙaramar Sallah, 'yata ta ce in nuna mata Burgu a waya, na ce ba ya ciki. Baffa yana jin mu, sai ya ɗauki kara ya sunkuya, ya zana fuskar a kan ƙasar tsakar gida. Yarinyar ta tsuguna ta kalla, ta ƙyalƙyale da dariya ta ce wannan da gani ba ya jin magana. Kafin la'asar awaki sun tattake wurin. Amma dai ta gan shi, wannan ma ya ishe ni.