Turken Alu

Duk wanda ya zauna da Alu, taubashina, ya san ba ya buɗe baki sau biyu bai ce "turke" ba. Tare muka koyi rubuta manhaja a Sakkwato, tare muka dawo Tambuwal, amma shi ƙungiyar manoma da makiyaya ta ba aikinta. Har gobe abin yana ci mini rai.

Ni in zan gina manhaja, komai da hannu nake rubutawa, shafin saniya daban, na gero daban. Alu kuwa malalaci ne. Wani ɗan fayil ya ajiye, a ciki ya bayyana mece ce saniya: sunanta, shekarunta, mai ita, nonon da take bayarwa. Manhajar ta karanta ta ƙera shafin da kanta. Kowane gurbi a allon waya kuma ɗaure yake da bayaninsa, da an taɓa bayanin allon ya sauya. Wannan ɗaurin ne turke.

"Kai bin dabba kaka yi da gudu," yakan ce mini. "Ni ɗaure ta nika yi in sha shayina."

Ran nan shugaban ƙungiya ya zo daga Fakku ya ce a saka jakuna a manhajar. Na yi caraf na ce babban aiki ne, a ba ni. Alu ko kofinsa bai ajiye ba. Ya kwafi bayanin saniya ya canza suna, sai ga jaki a wayar shugaba. Baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Sai Allah ya dube ni. Shugaba ya ƙura wa wayar ido ya ce, "Malam Alu, mi ak kawo nono nan? Wa ka tatsar jaki?" Ashe gurbin nono ya biyo jakin! Na yi dariya har da riƙe ciki, na kai labarin kasuwa. Alu ya kafe ya ƙi cirewa. "Jaka na da nono," in ji shi. "Ku ne ba ku tatsa." Gurbin yana nan har yau, wayam.

Wani malamin makaranta ya yi ƙorafin an rubuta "biyat" a manhajar, wai "biyar" ake faɗi a rediyo. Alu ya ƙara layi guda, wayar malam kaɗai ta koma cewa biyar. "Ga Hausar Kanonka nan, riƙe."

Da ya rasu aikin ya dawo hannuna, abin da na daɗe ina nema. Buƙatar ƙungiya ta farko ita ce a sa "Marigayi" gaban sunansa, wanda ke ƙasan kowane shafi. Na ware yinina, ina cewa yau dai zan kama inda ya warwatsa abu. Na buɗe fayil, wuri ɗaya sunan yake. Na rubuta kalmar na danna. Kafin in ɗaga kai shafin shanu, na gero, har na jakunan, duk sun amsa.

Na so a ce aikin nan ya cinye mini yinin, Alu. Ko a nan sai da ka fi ni. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haɗa mu inda babu ƙyashi.