Waɗanda Aka Ce Kada Ya Koya Wa

Baba Firji ake ce masa, ko matarsa haka take kiransa in ranta ya ɓaci. Tun yana saurayi yake gyaran firji a wani shago mai warin gas da tsatsa a bayan tasha. Mafaɗaci ne na bugawa a jarida, amma bai iya ganin namiji zaune babu abin yi ba. Shi ya sa da wata ƙungiya ta zo da shirin koya wa marasa aiki sana'a, shi aka damƙa wa ajin, har da kayan aiki sababbi fil.

Kafin a fara sai aka kira shi horo a otal, wai a koyi yadda ake auna ko shiri ya yi amfani. Wata jami'a mai tabarau ta yi bayani dalla-dalla: za a jefa ƙuri'a, rabin masu nema a koya musu, rabi a bar su haka nan, bayan shekara a duba su wa suka fi samun aiki.

Baba ya ɗaga hannu. "Ranki ya daɗe, waɗanda aka bari fa, me za su ci?"

"Baba, sai da su za a gane gaskiya. Don Allah kada ka koya musu komai."

Ya ce to. Ina! Ranar farko waɗanda ƙuri'a ta ƙi suka yi cirko-cirko a bakin taga suna leƙe, magidanta da gemunsu, har da maƙwabcinsa da matarsa ke da tsohon ciki. Baba ya kore su da masifa, ya koma ciki ya kasa ko kwance noti. Ranar hutu sai ga shi ya buɗe musu ƙofar baya. Haka ya yi ta yi duk mako, yana koyarwa yana zaginsu.

Shekara ta zagayo aka zo aka auna. Waɗannan suna gyara suna ciyar da gida, waɗancan ma haka, babu bambanci. Sai aka yanke cewa shirin bai tsinana komai ba, a rufe. Jama'a, ku ji mini! Abin nan har yau yana ci mini rai. Mota ta zo ta kwashe kayan aikin kaf, sababbin masu jiran shiga aji suna tsaye suna kallo.

Baba ya tafi ofishin ƙungiyar yana huci, ko sallama bai yi ba, ya zayyana wa jami'ar duk abin da ya yi. Ta cire tabarau ta dafe kai.

"Baba, ka kashe mu. Na yarda da kai, amma da me zan nuna wa na sama? Ba sauran wanda zan kwatanta da shi."

Baba ya ce, "Wato da na bar su da yunwa, 'ya'yansu na kuka, da yanzu ajina yana nan?"

Ta ɗago ta dube shi.

"E, Baba. Da yana nan."