Haruffa Ɗari Biyu da Hamsin da Biyar

Shekarar da hukumarmu ta ce za ta bar tsohuwar manhajar rumbun bayanai ta koma sabuwa, ni aka ɗora wa kwashe kayan. A lokacin ina ji da kaina. Ban daɗe da dawowa daga kwas ba, kuma duk wanda ya girme ni a ofis kallon tsohon yayi nake yi masa.

Wanda ya riƙe rumbun kafin ni wani dattijo ne Bazazzagi, Malam muke ce masa. Rumbun na ma'aikata ne, an tsara shi jadawali-jadawali da muke kira tebur: teburin sunaye, teburin matsayi, teburin canjin wurin aiki, duk a ɗaure da juna da lambar ma'aikaci. A ƙarshen teburin sunaye akwai gurbin ƙarin bayani, wanda tsohuwar manhajar ba ta yi wa iyakar tsawo ba. Malam ya mai da gurbin nan nasa. In ma'aikaci ya rasu ba ya goge shi. Sai ya je jana'iza, ya dawo ya zauna ya rubuta. Kuma ba ya taɓa farawa da labari. Sai ya yi Inna lillahi, ya roƙa wa mamacin gafara da hasken kabari, ya roƙa wa iyalinsa haƙuri, ya roƙa mana cikawa da imani, sannan ya faɗi yadda abin ya faru da inda aka binne shi. Mukan tsokane shi mu ce kwamfutar ma ta haddace addu'ar, ya yi dariya ya ce to ta fi mu.

Aikin ya zo daidai da ritayarsa. Ranar da yake tattara kayansa ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, gurbin nan nawa, ka ɗauke shi yadda yake."

Na ce, "Malam, ai addu'o'i ne kawai."

Ya ce, "Ka dai ɗauke shi."

Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa babba don ya wuce.

'Yan kwangilar da suka tsara sabon rumbun sun ba gurbin haruffa ɗari biyu da hamsin da biyar, ba ƙari. Sau uku ina tura bayanan suna dawowa, wai rubutun ya yi tsawo. Faɗaɗa gurbin aikin minti biyar ne, amma sai an rubuta takarda an jira amsa, ga oga yana ta nanata cewa ranar Litinin yake son a kunna. Sai na ƙara layi ɗaya a umarnin kwashewar: duk abin da ya haura iyaka a yanke. Komai ya shige lafiya lau. Na ƙirga layukan tsohon da na sabon, suka yi daidai cif. Ban buɗe ko ɗaya na karanta ba. Aka yi mini sambarka.

Bayan shekara aka share tsohuwar sabar, wato babbar kwamfutar da tsohon rumbun ke ciki, aka rubuta wasu abubuwa a kan kwafin ajiyarta. Ni na sa hannu a takardar. Malam ya koma Zariya, bai yi shekara biyu ba aka aiko mana da rasuwarsa.

Wata Laraba aka turo mini wani mutum daga sashen ma'aikata. Magidanci ne, ya sa kaftani wankakke, amma baƙin mai bai fita daga farcensa ba. Ya ce makaniki ne a unguwar Apo. Mahaifinsa direba ne a hukumarmu, ya rasu a hatsari a kan hanyar aiki tun shi yana goye. An binne shi a inda ya rasu, a ranar, kamar yadda ake yi. Mahaifiyarsa na Katsina tana takaba, ba ta taɓa ganin wurin ba. Kafin ita ma ta rasu ta gaya masa akwai wani malami mai kwamfuta a ofis ɗin da ya je jana'izar, ya ce mata ya rubuta komai ya ajiye.

"Oga, ba wani abu nake nema ba," in ji shi. "An haifa mini namiji, na sa masa sunan baban. So nake in je in tsaya a kan kabarin in yi masa addu'a."

Na buga sunan da karsashina. Ga layin, ga gurbin Malam. Addu'ar ta fito cikakkiya, ba harafin da ya ɓace. Bayanta aka rubuta: "Ya rasu a hatsarin mota bayan an wuce Yangoji. Mutanen gari sun yi masa sutura, mun binne shi bayan la'asar a maƙabartar ƙauyen"

A nan rubutun ya tsaya. Na danna, na ja, na sake buɗewa, alhali na san babu komai a gaba. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan rana ba. Na so in ce laifin manhaja ne, kuma da ya yarda. Amma na gaya masa gaskiya, cewa Malam ya rubuta sunan ƙauyen, ni na yanke.

Sai mutumin ya ce, "Allah bai nufa ba. Ka buga mini wannan ɗin a takarda."

Ranar Asabar muka tafi tare a motarsa. Ƙauye uku muka shiga bayan Yangoji. Ko'ina aka ba mu tabarma da ruwa, aka kira dattawa. Amsar ɗaya ce: hanyar nan ta ci mutane da yawa, baƙin da suka binne ba su ƙirguwa, kuma kabarin Musulmi ba a rubuta masa suna. Wani tsoho ya tambaye mu wanda ya zo jana'izar daga ofis. Na ce ya rasu. Ya ce to sai haƙuri.

Da la'asar ta yi muka tsaya a bakin titi. Ya fito da takardar, ya dubi gonakin da ke dama, ya dubi na hagu.

"Oga, a ganinka wane ɓangare ne?"

Na ce ban sani ba.

Ya fuskanci dama ya karanta addu'ar Malam daga takardar har inda ta ƙare, na ce amin. Sannan ya jira wata tirela ta wuce, ya tsallaka titin, ya sake karantawa daga farko.