Dokar Hanyar Malam Mode

Malam Mode na Rimawa, mai gyaran injin ban-ruwa, ya shekara hamsin a kan keke, kuma doka ɗaya tak ya yarda da ita: babba shi ke da hanya. Hannun dama, hannun hagu, alamar kwana, duk a wajensa surutun 'yan boko ne. In ya iso mararraba, ba girman mota yake dubawa ba, fuskar direba yake leƙe. Ya ga furfura, sai ya sauka ya rusuna. Ya ga yaro, sai ya danna kai, ko da tirela ce.

Da ƙuruciya dokar ba ta cuci kowa ba, don kusan kowa ya girme shi. Tsufa ne ya kawo rigima. Manya suka yi ta komawa ga Allah, har aka wayi gari daga Rimawa zuwa Goronyo babu wanda Mode zai kauce wa. 'Yan kabu-kabu sun zage shi har sun gaji. Sau biyar ana tsamo shi daga kwalbati, kowane karo yana kakkaɓe riga yana cewa yaran yanzu ba tarbiyya.

'Yarsa Raihana, wadda ke gasa masa ƙugu duk faɗuwa, ta sa shi ya rantse cewa ranar da laifi ya zama nasa, za a rataye keken. Ya rantse yana dariya. Keken nan kuwa shi ne ƙafarsa. In babu shi, ba fadama, ba kasuwa, sai zaman tabarma a ƙofar gida, abin da ya fi tsoro a duniya.

Wata ranar kasuwar Goronyo, bisa kuskure, yana tafe a hannunsa daidai, sai wata akori-kura shaƙe da albasa ta fito daga lungu babu ko oda, ta watsa shi cikin kayan mai tumatir. Jama'a suka taru. Ma'aikacin kula da hanya ya duba ya ce laifin direba ne ƙarara. Har 'yan kabu-kabu suka ba da shaida, ba da son ransu ba.

Direban ya fito da ƙyar yana dafa ƙofa, baki ba haƙori. Mode ya ƙare masa kallo, ya matso kusa da shi.

"Bawan Allah, shekarar da anka koma tuƙi hannun dama, mi kaka yi?"

"Ina jan mota, da ɗiya biyu."

A shekarar Mode ko aure bai yi ba. Nan ya durƙusa cikin tumatir ya ce, "Gahwara, Yaya. Ni ad da laihi." Ma'aikacin ya so ya yi bayani, Mode ya ce masa manya na magana.

A ƙasa ya turo keken har Rimawa. Labari ya riga shi zuwa. Raihana ta tare shi a zaure, tausayi ya kama ta, ta ce ai kowa ya shaida yau shi ke da gaskiya, rantsuwa ba ta hau kansa ba, gobe ma ya hau abinsa.

Ya daɗe yana shafa sirdin, ƙwalla na taruwa a idonsa.

"Ke mi kis sani ga hanya? Kawo igiya."